Jaririn da Gado Bai Yi wa Fuska Ba

A Kaura Namoda layin dogo yake ƙarewa. Daga nan jirgi ba shi da gaba, sai dai a juya kansa ya koma Gusau da Zariya. A bayan tashar akwai 'yan gidajen ma'aikata masu rufin kwano, kuma a na ƙarshensu, wanda ke daf da gonakin dawa, Gado ya yi fiye da rabin rayuwarsa. Dogo ne siriri, mai ɗan ranƙwafawa kamar yadda masu ɗaukar ƙarfe suke yi idan shekaru sun ja. Sunansa na baftisma Iliya, amma ko fastonsu Gado yake ce masa. Leburan gyaran layi ne, daga baya ya zama shugaban leburori, har ya yi ritaya. Mutanen unguwa kuwa ba da aikin reluwe suka fi saninsa ba. Gado Mai Kati suke kiransa.

A gindin dutsen Kwatarkwashi aka haife shi, a gidan Maguzawa manoma. Uwarsa ta rasu yana rarrafe, yayarsa ce ta goye shi, ita kanta ba ta fi ta yi tallar gyaɗa ba a lokacin. Da ta isa aure, wani falken shanu daga Moriki ya gan ta a kasuwa, ta so shi, ta musulunta, aka sa mata suna Hindu, ta bi shi. Shi kuma Gado ya gangara Gusau neman aiki, ya faɗa cikin leburorin reluwe 'yan kudancin Zariya, ya ci da su, ya kwana da su, har ya bi su coci. Ya auri ƙanwar ɗaya daga cikinsu, Briskila. Sauran 'yan gidansu na Kwatarkwashi mutuwa ta ɗebe su ɗaya bayan ɗaya. Kafin a gama yaƙin basasa, a duk duniya ba wanda ya san Gado tun yana tsirara sai Hindu, kuma ba wanda ya san sunan da uwarsu ta raɗa wa Hindu sai Gado.

Katin ya samo asali ne daga Briskila. Tana koyar da yara ranar Lahadi, tana so ta ba su abin da za su riƙe ranar Kirsimeti, amma katunan da ake kawowa daga Kaduna duk ƙanƙara ce da jajayen yara. Gado tun yana yaro gwanin motar kara ne. Ya ce ta ba shi kwana biyu.

Yadda ya yi a wannan karon, haka ya ci gaba da yi har tsufansa. Da an yanke dawa sai ya shiga gona ya zaɓi kara mai kyau, wanda rana ta gasa ya yi ruwan zinariya. Ya tsaga ɓawon da reza siri-siri, ya ajiye totuwar gefe. Ƙaro yake jiƙawa a gwangwanin madara ya kwana, shi ne abin liƙinsa. Kwali yana samu wajen masu kanti, ya shafe shi da ruwan shuni ya zama sararin sama. Jan launi daga karan dafi. Tumaki da auduga, ƙafafunsu da ƙayar aduwa. Tauraro da takardar nan mai walƙiya ta cikin kwalin taba, wadda abokan aikinsa suke tara masa duk shekara. A tsakiya komin dabbobi na tsagin kara, a cikinsa jariri naɗe da ƙyallen farin alawayyo da tela yake ba shi. Fuska ita ce ta ƙarshe. Yakan karɓo guntun jar fata wajen dukawa, ya yanke shi kamar ƙwayar wake, ya sa ɗigo biyu na tawada da ɗan baki. Maryamu da Yusufu da makiyaya duk haka yake yi musu. A ƙasa ya rubuta gaisuwar Kirsimeti da aya ɗaya da rubutunsa na boko mai karkata.

Yakan yi na yara, ya yi na fasto, ya yi na duk wanda ya roƙa. Amma wanda ya fi ɓata wa lokaci na Hindu ne, kuma shi kaɗai yake kaiwa da ƙafarsa. Ana gobe ko jibi Kirsimeti zai hau motar Shinkafi, ya sauka Moriki, ya yi sallama a zaure don ladabi kawai, ya wuce har ɗakinta. Ta shimfiɗa masa tabarma, ta dama fura, sannan ta karɓi katin ta kai shi bakin ƙofa inda haske yake.

"Wanga yaro dai kullum da hancinka kake yin shi," in ji ta.

"Yaya, ba shi ma da hanci. Ɗigo biyu ne da baki."

"To ai shi na gani. Kai ma da anka haife ka ba ka da shi, sai da na yi ta ja."

Hindu ba ta karatun boko, kuma ba ta taɓa cewa a karanta mata abin da ke ƙasa ba. Ta san Annabi Isa ne da Nana Maryamu, wannan ya ishe ta. Takan soke katin a bango, sama da jeren kwanukanta, kusa da na bara da na bara waccan. Da Sallar layya ita kuma ta aiko masa da cinyar rago. Mijinta, har ya rasu, bai taɓa cewa uffan ba. In ya shigo ya tarar da Gado sai ya ce, "A'a, Kirsimeti ta iso ke nan," ya sa a kama kaza.

Briskila ta rasu a shekarar da sanƙarau ya yi ɓarna, wato shekarar da aka yanke Zamfara daga Sakkwato. Jirgi ya riga ya fara wuyar gani. Ɗansu guda, Filibus, yana aikin asibiti a Kafanchan. Gado ya zauna shi kaɗai da gwangwaninsa na ƙaro.

Sannan aka ƙaddamar da Shari'a a Gusau, ta fara aiki a farkon shekarar dubu biyu. Gaskiyar magana, ba wanda ya zo ƙofar Gado da sanda. Maƙwabtansa Musulmi sun ci gaba da gaishe shi, mai shayi ya ci gaba da zuba masa. Abin da ya faru shi ne, bayan rikicin Kaduna na watan Fabrairu, gidajen bayan tasha suka fara zama kango. Yau a ga mota ta yi lodin katifu, gobe wata. Bencin coci ya yi yawa. Filibus ya yi ta aiko da saƙo cewa Baba ya tattara ya taho. Amsar Gado ɗaya ce: yayarsa tana Moriki, shi ba zai je inda sai an kwana a hanya kafin a gan ta ba.

A cikin wannan hali ne aka yi wa Hindu jika. Ɗanta Muhtari, wanda yanzu shi ne mai gidan, matarsa Kulsumu ta haifi namiji bayan ɓari biyu. Gado ya je suna da turmin atamfa. Aka raɗa wa yaro Ammar.

Muhtari malamin makarantar firamare ne, mutum mai natsuwa, wanda a hannun Gado ya fara ganin jirgin ƙasa. Kwanan nan ya shiga karatun addini sosai, ya bar gemu, ya ɗage wando. Da aka watse ya rako kawunsa bakin hanya, ya yi ta kame-kame, sannan ya ce, "Kawu, akwai magana, amma don Allah kada ka ɗauke ta da zafi."

"Faɗi, ɗana."

"Katunan ga na ɗakin Inna. Na sa ta sauke su."

Gado ya lura da bangon ɗakinta tun da ya shiga, ya ga wuraren da farar ƙasa ta fi haske, amma bai tambaya ba.

"Ba don kai ba ne, wallahi. Ko hoton Baba na sauke. Malamai sunka ce mala'iku ba su shiga ɗakin da ke da surar mai rai. Ga jariri cikin gida yanzu. Ba a ƙone su ba, suna cikin adakarta."

"Surar ce matsalar?"

"Fuska dai, Kawu. Abin da anka yi wa ido da baki. Sai kuma rubutun. Inna ba ta karantawa, amma abokaina suna shigowa gaishe ta, su suna karantawa."

"To in babu fuska, babu rubutu fa?"

Muhtari ya yi dariya, ya ji sauƙi. "Ai sai ya zama ado kawai. Wa zai hana ado?"

Gado ya riƙe wannan magana tun daga bazara har kaka. Ba fushi ya yi ba. Lissafi yake yi irin na wanda ya san ƙofa ɗaya ta rage masa a duniya, kuma an nuna masa yadda zai sunkuya ya shige ta. A ganinsa yaron ya kyauta da ya faɗa masa a fili.

Da aka yanke dawa ya shiga gona kamar kullum. A wannan shekarar kati ɗaya kawai zai yi, domin yaran Lahadi sun tafi da iyayensu. Ya zauna a inuwar darbejiyar ƙofar gidansa da hantsi, ya shafa shuni ya bar shi ya bushe. Ya ɗauko auduga don tumaki, sai ya tuna tunkiya ma mai rai ce, ya mayar. Makiyaya ya gwada su ba fuska, suka yi kama da fatalwa, ya ɓamɓare. Maryamu ta fi ba shi wahala. Ya yanka mata mayafi na jan karan dafi, ya liƙa, ya dube ta ba ido ba baki, zuciyarsa ta ƙi. Ya cire ta a hankali da bakin reza. Yusufu ya bi ta.

Saura jaririn. Shi kam ba zai fita ba, in ya fita babu kati.

Da ya ga fili ya yi yawa a kwalin, sai ya ƙara wa komin tsawo don ya cike. Ya shimfiɗa tsagin kara dogaye guda biyu, ya gitta gajeru a kansu ƙanana-ƙanana, aiki mai kyau, irin wanda bai taɓa yi ba. Ya naɗe totuwa da farin alawayyo. A da, fatar fuskar ce take danne bakin ƙyallen daga sama. Yanzu da babu ita, ƙyallen ya yi ta buɗewa, totuwar tana leƙowa. Sai ya ja shi ya rufe kan gaba ɗaya, ya ɗaure da farin zare. Ƙasan ma ya ɗaure don su yi daidai. Tsakiyar ta kumbura, ya ƙara ɗauri ɗaya a nan. Ya kwantar da shi a kan karan, ya liƙa tauraro a sama.

Ya daɗe yana kallonsa a tafin hannu. Shi yaron da ya saba gani yake gani, wanda ya yi shekara da shekaru yana kwantarwa a wannan wuri. Har ma ya ga kamar wannan ya fi sauran tsabta.

Kirsimetin wannan shekara ta faɗo a ƙarshen azumi, ana shirin Sallah. Gado ya yi tunani. In ya je da kansa, Hindu ba za ta yarda ya zauna baki bushe ba, sai ta sa an dama masa fura da rana tsaka a gidan da kowa ke azumi, ga abokan Muhtari suna shige da fice. Bara ma haka aka yi, ya sha furar kamar yana sata. Ya ga bana gara ya sauƙaƙa wa kowa. Ya sa katin a ambulan, ya haɗa da sukari da dabino na buɗa baki, ya kai tashar mota wajen Labbo, direban a-kori-kura mai bin hanyar Shinkafi, wanda ya san gidan.

"Bana ba ka zuwa, Baba Gado? Ko Yayar ta kore ka?"

"Sai bayan Sallah. Ka ce ina gaishe ta, ina gaida angon ƙarni da mai jego."

"Jegon da ya kusa shekara? Yaro na nan na rarrafe, kai kana mai jego."

Gado bai san baƙon dauro ya shiga Moriki ba. Ba ciwon da ake shelarsa ba ne, gida yakan ja bakinsa ya yi shiru har sai ya fita.

Ranar Kirsimeti, da aka taso daga coci, su ƙalilan, ya tarar da Labbo tsaye a ƙofar gidansa, hula a hannu. Ya ce jikan Hindu ya rasu jiya da la'asar, an kai shi kafin magariba. Gado ya tambaya ko an aiko shi ne. Labbo ya ce a'a, a tasha ya ji. Ya ƙara da cewa, "In da ni ne kai, da na bari an kwana biyu." Gado bai fahimce shi ba, bai kuma tsaya tambaya ba. Ya cire rigar coci ya sa farar riga da hula, ya bi shi.

An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan. Dattawa na jingine da bango, bakuna sun bushe da azumi, ana jan carbi. Gado ya cire takalmi ya durƙusa ya yi gaisuwa, ya ce Allah ya ba da haƙuri, Allah ya sa mai ceto ne. Aka amsa masa ƙasa-ƙasa. Ba wanda ya matsa ya ba shi wuri. Ya miƙe zai shiga zaure kamar yadda ya saba, sai Muhtari ya taso ya tsaya a bakin ƙofar.

"Kawu, zo nan."

Ya ja shi gefen katanga. Idanunsa sun yi ja. Ya sa hannu a aljihu ya fito da ambulan ɗin, ya zare katin, ya ɗaga shi a gaban ƙirjinsa.

"Mi ne ne wanga?"

"Katin Yaya ne. Yadda munka yi da kai. Ba fuska, ba—"

Bai ƙarasa ba. Tun da ya yi katin bai taɓa ganinsa daga nesa ba, a hannun wani. Yanzu da taku biyu tsakaninsu, ya ga abin da ke jikin kwalin. Ɗan ƙaramin abu naɗe da farin alawayyo, an rufe kansa, an ɗaure shi a kai da tsakiya da ƙafa, an shimfiɗe shi a kan makara. Ba uwa kusa da shi, ba kowa. Gado ya raka gawar maƙwabta ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Ya san yadda ake ɗaure likkafani.

Ya dafa katanga.

"Yaron na kan cinyar Kulsumu, jiki kamar wuta," in ji Muhtari. "Anka ce ga saƙon Kawu. Inna ta ce a buɗe a nuna mishi, ko ya yi dariya. Kulsumu da hannunta ta buɗe. Gwaggonninta na zaune, matan unguwa na zaune. Ihun da ta yi har masallaci an ji. Kwana ɗaya ya ƙara."

"Muhtari, Almasihu ne. Cikin komin dabbobi. Ga tauraron nan, duba."

"Tauraro? Kawu, wa zai duba tauraro?"

"Kai ka ce in cire fuskar."

"Na ce ka cire fuska. Ban ce ka aiko muna da gawa ba."

Wani dattijo daga kan tabarma ya ce, "Malam Muhtari, a yi haƙuri, azumi ake." Wani saurayi kuma ya ce, ba tare da ya rage murya ba, ai asalinsu Maguzawa ne, ba yau sunka fara ba. Muhtari ya juya ya daka masa tsawa ya ce ya rufe wa mutane baki. Sannan ya juyo.

"Ni ban ce ka yi wani abu ba. Rai na Allah ne, baƙon dauro ya ɗauki yara huɗu a unguwar ga, ba wanda anka aika wa kati. Na faɗi haka cikin gida har muryata ta dushe. Amma Kulsumu ta rantse in ka taka gidan ga, ita ta fita ke nan. Iyayenta na bayanta. Mi kake so in yi?"

"Bari in ga Yaya."

"Ba ta cikin zaure ba."

Ya zagaya da shi ta bayan gida, inda turakun shanun marigayi suke, babu shanun yanzu sai busasshen kashi. Akwai dangar zana tsakanin wurin da tsakar gida. Muhtari ya bar shi nan ya tafi. An jima Gado ya ji takun da ya sani, mai jan ƙafar hagu. Ba ta zagayo ba. Ta tsaya daga ciki, yana ganin duhun mayafinta ta tsakanin zanar.

"Gado."

"Yaya. Ya haƙuri?"

"Haƙuri ya zama dole. Ka ci abinci? Yau ba Kirsimetinku ba ce?"

Nan hawaye suka zubo masa. Ya ce wallahi, ya rantse da kabarin uwarsu, bai gani ba. Ya fara ba ta labarin ƙyallen da ya ƙi zama, da zaren.

"Bar rantsuwa. Ni za ka gaya wa? Na fiddo musu na cikin adaka duka, na baje a tsakar gida. Na ce ku duba, ga shi nan kowace shekara, yaro guda ne, Annabi Isa ne cikin zanen goyo. Sunka ce to waɗanga duk da uwassu da idanunsu, don mi na bana ba shi da su? Don mi bai zo da kanshi ba, shi da bai taɓa fashi ba?" Ta yi tari. "Mi zan ce? Ni kaina da anka buɗe shi gabana ya faɗi. Sai da na yi salati."

"Don kada in sa ku dama fura da azumi ne."

"Fura," in ji ta. "Kai dai tun kana yaro, in ka tashi gyara abu sai ka gyara har ya lalace."

Daga cikin gida ana jin kukan mace, ba mai ƙarfi ba, irin na wadda ta gaji.

"Ka ji ta. Ɓari biyu, sannan wanga. Ba ni iya ce mata ta yi hankali yanzu. Gidan ga kuma ba nawa ba ne, Gado, na ɗana ne, ni ma zaune nike. Ka tafi. Kada ka zo bayan Sallah. In ta huce ni zan aiko."

"Yaushe?"

"In ta huce, na ce."

Ta turo hannu ta wata ɓarakar zana. Ya kama. Hannun ya bushe, ba nauyi. Ta zare ta koma.

Sallah ta wuce, Sallar layya ta zo, ba cinyar rago. Labarin kuwa ya riga shi isowa Kaura, ya sake kama a hanya. Wasu sun ce ƙaho aka samu a cikin ambulan, wasu sun ce da gashin yaron aka yi ɗaurin. Ba wanda ya kai shi ƙara, ba wanda ya tare shi. Mata dai suka fara janye 'ya'yansu in ya biyo layi, telan da ke ba shi ƙyalle ya ce yanzu ba ya samun ragowa. Gado bai sake nema ba. Filibus ya zo da kansa da mota, ya yi faɗa, ya yi lallashi, ya koma shi kaɗai. Gado ya ce an ce za a aiko, in ya tafi ina za a same shi?

Sau ɗaya Muhtari ya zo, da ya shigo Kaura karɓar wasu takardu. Ya tsaya a ƙofa bai zauna ba. Ya ce Inna tana gaishe shi, ƙafar ce dai ke damunta. Ya ce Kulsumu ta sake samun ciki, saboda haka yanzu ba lokacin tayar da maganar ba ne, a bari ta sauka. Gado ya ce haka ne, Allah ya raba lafiya. Ta sauka, ta haifi mace, Gado bai ji ba sai daga baya. Sai kuma aka ce a bari yarinyar ta yi ƙwari.

A daminar shekara ta uku, wata safiya ya je tashar mota sayen kananzir. Labbo ya hango shi daga inda yake ɗaure lodi, ya sauko da sauri, ya goge hannu a riga, ya durƙusa a gabansa cikin taɓo.

"Baba Gado, ya haƙuri? Wallahi ina Shinkafi, mota ta lalace, shi ya sa ban samu zuwa ba. Jiya anka yi sadakar uku, ko? Allah ya jiƙan Inna Hindu. Mace mai kirki."

Gado ya dube shi. Yaran mota suna ta kiran fasinja, wani yana jayayya a kan buhun gero. Labbo yana durƙushe yana jiran amsa, sai fuskarsa ta fara sauyawa.

"Baba, ba a... ba su aiko ba?"

"Tashi, ka ɓata wandonka," in ji Gado. "Amin. Na gode."

Ya tsaya riƙe da galan ɗin har Labbo ya koma kan motarsa. Mai kananzir ya tambaye shi sau biyu ko na nawa za a zuba, bai ji ba.

A ƙarshen wannan watan ya aika wa Filibus ya zo ya ɗauke shi.